Jan Katin Ɗan Fari

Kankiya,
Talata, 15 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Yaya Kulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da maigida, da yara, da hidimar kaka. Yaya kunnen naki? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu ma nan lafiya lau muke. Maiɗakina Fadimatu tana gaishe ki, ta ce a yi miki godiyar kuka da daddawar da kika aiko mata.

Na san za ki ce Labaran ya tashi da tsohon halinsa, ga waya a aljihu yana ɓata takarda. To ai waya da ke ba ta yiwuwa. In na kira ki sai na ɗaga murya har mai shayin bakin titi ya san abin da ake ciki a gidanmu, ke kuma kina ta cewa in sake faɗa. Maganar yau kuwa ba ta ihu ba ce, shi ya sa na ba direban da ke zuwa Kaikai wannan takarda.

Kin san gasar ƙwallon yara 'yan ƙasa da shekara sha biyar da ake yi tsakanin Kankiya da Kusada. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe, kuma ranar Asabar 'yan Kankiya za su kara a filin makarantarmu da 'yan Kaikai daga ɓangaren Kusada, wato ƙungiyar da ɗanki na riƙo yake buga wa. Alƙalin wasan da aka shirya zai zo daga Ingawa ya faɗi a babur. Jiya Alhaji Babba, shugaban kwamitin gasar, ya kira ni ya ce ni zan riƙe usur. Na ce masa ba zai yiwu ba, yaron nan yana cikin wasan. Sai ya yi dariya ya tambaye ni wane yaro, alhali ya sani sarai. Ya tara masu horar da ƙungiyoyin biyu ya tambaye su. Na Kaikai ya ce ya yarda da ni. Dauda, mai horar da 'yan Kankiya, wanda na tabbata zai tayar da ƙayar baya ya ce uba ba ya yi wa ɗansa alƙalanci, tun kafin Alhaji ya rufe baki ya ce ya amince. Wannan saurin nasa bai kwanta mini a rai ba, amma ban gano dalili ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina busa wa yara usur, har sun sa mini suna Ba-Sani-Ba-Sabo. Ba na yabon kaina, amma na san aikina. Kafin a take wasa sai na duba farcen kowa, na cire zobba da layu, na shafa ƙasan takalma, domin wani yana zuwa da takalmin ƙwallo mai ƙusoshi, wani da na roba, kuma mai ƙusoshin ba ya jin abin da yake takawa. Duk wasan yara a minti goman farko yake gyaruwa ko ya lalace, tun ran gini tun ran zane. Yaro na yin ketar farko zan busa, in kira shi da sunansa, in dube shi ido cikin ido. Wanda aka yi wa ketar shi ma in kira sunansa, in tambaye shi ko zai iya ci gaba. Yaro in ya ji alƙali ya san sunansa, ƙafarsa takan yi hankali.

To shi fa, Yaya? Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba. Tun da kika goya shi kika tafi da shi Kaikai yaye, ban taɓa zama na yi hira da shi ta minti biyar ba. In kun zo sallah ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Haka muka taras, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna shi, ba a tsaya masa a gaban mutane. Ke kin fi ni sani, tun da ke ce ta fari a ɗakinmu. An ce mini ya ci ƙwallo bakwai a gasar nan. Ban ga ko ɗaya ba, duk ranar da suke wasa sai in ƙirƙiri uzuri in tafi gona.

Ga kuma wani abu. Akwai mutumin da zai zo daga Katsina ya kalli wasan, ya zaɓi yaran da za a gwada ranar tara ga watan gobe, a ɗauki wasu makarantar ƙwallo. Bana ce shekararsa ta ƙarshe a wannan rukuni, baɗi ya wuce. Kwana biyu ke nan ina fara abu in bari, na ɗauki jan biro zan duba littattafan yara na tarar ina zana fili a bayan takarda.

Roƙona ɗaya ne. Ki gaya masa ranar Asabar kada ya gaishe ni, kada ya dube ni, ya ɗauka wani baƙo ne daga Ingawa. Ni ma haka zan yi. In Allah Ya so lafiya za a tashi.

Ki gaishe mini da maigida da sauran jama'ar gida.

Ƙanenki,
Labaran.

Kankiya,
Lahadi, 20 ga Oktoba, 2024.

Yaya Kulu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku, musamman ƙafar yaron. Na san kin ga yadda aka kawo miki shi jiya, na san kuma an gaya miki ni na kore shi daga fili. Gaskiya ne. Amma ina so ki ji sauran daga bakina, don abin da mutane suka gani daban, abin da na yi daban.

Ya bi umarninki, bai gaishe ni ba. Da na zo duba farcensa sai ya miƙo hannuwa yana kallon ƙasa, na ga yatsunsa irin na Baba ne, dogaye masu faɗin kai. Na wuce da sauri.

Minti huɗu da farawa ya karɓi ƙwallo ya juya. Wani ɗan bayan Kankiya mai suna Kamalu, yaro mai jiki, ɗalibina ne ma a makaranta, ya zo ta baya ya taka masa idon sawun hagu. Ina kusa, tsakanina da su bai fi taku goma ba, na gani da idona. Usur yana bakina. Da wani yaro ne da tuni na busa, na kira Kamalu na ja masa kunne. Amma sai na ji kamar duk filin nan ni ake kallo, ana jira a ce ga shi nan, tun ba a je ko'ina ba Malam ya fara kare ɗansa. Na yi nuni da hannu a ci gaba da wasa.

Ba a jima ba aka sake. Aka kuma sakewa, wannan karon har mataimakina da ke bakin layi ya ɗaga tuta, na yi kamar ban gan shi ba. Abin takaici, sauran yaran ina busa musu komai. Ɗan Kaikai ya ja rigar ɗan Kankiya, na busa. Ɗan Kankiya ya ture golan Kaikai, na ba shi katin gargaɗi. Kowa a filin nan yana da alƙali ban da shi, mai lamba tara. Duk da haka ya zille wa mutum biyu ya jefa ƙwallo a raga, fili ya ɗauki ihu, ni kuwa na sunkuyar da kai ina rubuta lambarsa a takarda kamar ban san mai ita ba. Wallahi Yaya, ƙwallo ce mai kyau. Ban taɓa sanin haka ya iya ba.

Da aka tafi hutun rabin lokaci mai horar da su ya same ni yana huci, ya ce ana neman karya masa yaro ina kallo. Na ce masa ƙwallo ba wasan 'yar tsana ba ce, ya koma wurinsa kafin in ba shi kati shi ma. Na faɗi haka ne da ƙarfi don na kusa su ji. Suka ji, suka gyaɗa kai.

Aka dawo yana ɗingishi. Kamalu ya ƙara masa sau biyu, duk a ƙafa ɗaya. Na shida shi ne wanda ba zan manta ba. Kamalu ya taso da gudu ya dira masa a kan idon sawun da ƙafa biyu, har na ji ƙarar. Yaron ya faɗi, ya yi birgima, ya miƙe da ƙyar. Sai ya dube ni. Duk yinin nan bai dube ni ba sai lokacin. Ni kuwa na kawar da kai na bi ƙwallo da ido. Kafin in waiwayo ya isa wurin Kamalu ya sa masa goshi a fuska. Kamalu ya zube, hanci ya fashe, jini ya wanke masa riga.

A nan ne usur ɗina ya tuna aikinsa. Ban san lokacin da na busa ba, ban san lokacin da jan kati ya fito daga aljihuna ba. Na ɗaga shi sama, na nuna masa hanyar fita. Ya zo daf da ni zai wuce, ya tsaya, muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, “Malam, duk abin da sunka yi mani ba ka gani ba, sai wanga?”

Ya fita yana jan ƙafa, ya zauna a gindin dalbejiyar bakin fili shi kaɗai. Kaikai suka ƙarasa da mutum goma, aka ci su biyu da ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo ne bayan an tashi. Jama'a suka yanyame ni suna kiran Ba-Sani-Ba-Sabo. Dattawa suka riƙa miƙo mini hannu. Alhaji Babba ya ce a gaban kowa a rubuta a ajiye, an ga mutumin da ya kori ɗan cikinsa saboda gaskiya. Wani ma ya sayo mini lemo mai sanyi. Na karɓa na sha, Yaya. Ina murmushi ina godiya, ina hango ana ɗora shi a bayan babur saboda ba ya iya tafiya zuwa mota.

Mutumin Katsina ya rubuta sunansa tun a rabin farko. Amma ya ce ba sa ɗaukar yaron da ke cikin hukunci. Dokar gasar kuwa ta ce wanda ya fitar wa wani jini da gangan za a dakatar da shi shekara guda, sai fa in rahoton alƙali ya nuna akwai abin da ya jawo. Kwamitin zai zauna ranar Asabar mai zuwa, kuma rahotona za su bi. In na rubuta abin da jama'a suka gani, shi ke nan tasa ta ƙare. In na rubuta abin da na gani, sai a tambaye ni ina usur ɗina yake har sau shida.

Fadimatu a bakin maƙwabta ta ji. Kin san ita ma ba za ta yi maganarsa ba. Ta ajiye mini tuwo ta koma ɗaki, nata yana nan a rufe har safiya. Ni ma na kasa zama wuri ɗaya, yau sau uku ina fita ƙofar gida ina dawowa ba tare da na san abin da na fita yi ba.

Don Allah ki rubuto mini halin da ƙafar take ciki.

Ƙanenki,
Labaran.

Kankiya,
Alhamis, 24 ga Oktoba, 2024.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Takardarki ta iso, layi biyar, na karanta ta ya fi sau ashirin. Na gode da kika kai shi wurin mai ɗori a garin Boko, na kuma ji daɗi da ya ce targaɗe ne kawai. Allah Ya ba shi lafiya.

Sauran maganar kuwa ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Kika ce Baba ya rasu ba ki taɓa sanin ko yana son ki ba. Da farko raina ya ɓaci, na ce Yaya ta fara ruɗewa, wa ya kai ki gata a gidan nan? Ni na san duk ranar kasuwa sai ya sayo ƙosai ya ba Inna ya ce a ba waccan. Sai daga baya na tuna ni ne nake gani, ke tsakar gida kike, abin da kika sani kawai Inna ta ba ki ƙosai. Shekara hamsin kina ɗauke da wannan ban sani ba.

Jiya da la'asar na je duba Kamalu. Hancin ya kumbura, haƙori ɗaya yana girgiɗi, amma da sauƙi. Mahaifinsa ya tarbe ni da mutunci, har yana ba ni haƙuri wai an sa ni cikin tsaka mai wuya. Da ya shiga ciki kawo ruwa sai yaron ya fashe da kuka. Ya ce tun ranar da aka sanar ni ne alƙali Dauda ya tara su ya ce sun ci wasa. Ya ce musu mai lamba tara ɗan farin Malam ne, ko yanka shi kuka yi Malam ba zai busa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ya ɗora wa Kamalu aikin, ya ce ƙafar hagu, kuma wuri ɗaya.

Kin ga dalilin saurin amincewarsa. Ni ina can ina tsoron a ce na fifita ɗana, shi kuwa ya karance ni tsaf kamar allon yara.

Na tambayi Kamalu shi bai ji tausayi ba. Ya share hanci ya ce, “Ni ma jira nike ka busa, Malam. Tun daga ta ukku tsoro nike ji. Da ka ba ni kati da na samu abin hwaɗa ma koci.”

Yaro ɗan shekara sha huɗu, Yaya. Ashe ba ɗaya na bari ba a filin nan, su biyu ne.

Daga can ban zarce gida ba, na nufi shagon Dauda. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta miki ba, har mutane suka taru. Bai musa ba. Ya bari na gama, sannan ya ce shi dai ya ce a taka, amma ba shi ke riƙe da usur ba. Na ɗaga hannu zan mare shi, na ga ba ni da bakin magana, na sauke na tafi.

Rahoton na rubuta shi sau uku na yaga. Na farko ya ce an yi 'yar gogayya irin ta wasa. Na biyu ya ce rana ta kashe mini ido. Alƙalin da ya amsa cewa ya ga keta ya ƙi busawa da gangan, karɓe usur ɗinsa ake yi, kuma ba a Kankiya kaɗai za a ji ba. Ba usur ɗin ne kawai ba. Sai na tsaya gaban dattawan da suka miƙo mini hannu in ce musu ku maida yabonku, sannan in buɗe baki in roƙa wa ɗan farina. Gaba kura baya sayaki. Saura kwana biyu, ga takarda ta huɗu a gabana ba komai a kanta sai kwanan wata.

Ki sa a kawo shi ranar Asabar, dole yaran biyu su halarta. Ki sa ni a addu'a ko da kina fushi da ni.

Ƙanenki,
Labaran.

Kankiya,
Laraba, 30 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Yayata Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigida da yara, da fatan an gama yankan dawa lafiya. Saƙonki ya iso ta bakin direba cewa a mayar miki da ɗanki kafin Juma'a. Na ji. Amma ki daure ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki aiko a ɗauke shi.

Ranar Asabar kwamiti ya zauna a wani aji na makarantarmu, mutum bakwai, aka bar yaran a baranda. Ban kai rahoto a rubuce ba, na ce da baki zan yi, magatakarda ya rubuta. Na miƙe na lissafa musu keta shida, da mintin kowace, da inda nake tsaye. Na ce duk na gani, kuma da gangan na ƙi busawa. Na faɗi abin da Dauda ya gaya wa yaransa, na ce amma kada a ɗora wa Kamalu fiye da ƙarfinsa, umarni ya bi, kuma ni ya kamata in tsayar da shi. Alhaji Babba ya so ya rufa mini asiri, ya ce wataƙila dai Malam bai gani sosai ba, wasa da sauri yake. Na ce a'a Alhaji, na gani.

Sai magatakarda ya ɗago ya ce ba a rubuta lamba a littafin hukunci, suna ake rubutawa, wane ne mai lamba taran. Kowa a ajin ya san amsar, wani dattijo ma har ya buɗe baki zai faɗa don ya hutar da ni. Na riga shi. Na ce Abdullatif Labaran, ɗana ne, na fari. Muryata ta fita wata iri kamar ba tawa ba. Wasu suka sunkuyar da kai don kunyar da na ƙi ji.

Sun dakatar da ni shekara guda, na ajiye usur da katunan a kan tebur. Dauda an kore shi daga gasar gaba ɗaya. Kamalu wasa biyu, Abdullatif ma wasa biyu, domin duk abin da aka yi masa bai halatta masa fasa wa wani hanci ba, kuma ni ma na yarda da haka. Alhaji ya kira mutumin Katsina a waya a gabanmu, mutumin ya ce wasa biyu ba komai ba ne, a kawo yaro ranar tara ga watan gobe.

Na fito ina jin kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Yana zaune a ƙarshen baranda ya ba ni baya. Na tsaya na kira sunansa. Bai juyo ba, Yaya. Ba don raini ba, bai san sunan da muryata ba ne. Sai da na sake kira sannan ya waiwayo yana neman mai kiran. Na ce ya taso, an gama, zai je Katsina. Ya dafa bango ya yunƙura, ƙafar na taɓa ƙasa ya koma ya zauna, gumi ya karyo masa. Na durƙusa na kwance tsumman da mai ɗori ya naɗa. Mako guda cur, amma ƙafar tana nan suntum, ta yi baƙi har ƙauri.

Ban nemi shawarar kowa ba na ɗora shi a babur ɗina muka tafi asibiti, shi ya sa ba a dawo miki da shi ba ranar. Suka ce sai an yi hoto. Ranar Litinin muka je Katsina aka yi. Ba targaɗe ba ne, ƙashin ya tsage. Likitan ya nuna mini a hoton, ya ce irin wannan ba bugu ɗaya ke kawo shi ba, wuri ɗaya aka yi ta sara har ya buɗe. Ya tambaya ko ba alƙali a wasan. Na ce akwai. An yi masa ɗorin asibiti, sati shida ba zai taka ba, ƙwallo kuwa sai bayan wata huɗu in Allah Ya yarda. Na kira mutumin mai zaɓen yara na roƙe shi ya ɗaga masa ƙafa zuwa baɗi. Ya ce ya so yaron ƙwarai, amma baɗi shekarunsa sun wuce, ba shi ya kafa dokar ba.

Duk abin da na yi a gaban kwamiti ya zama ihu bayan hari. Na wanke shi daga hukunci, amma abin da ya hana shi tafiya tun a fili aka gama shi, ina tsaye taku goma.

Da na gaya wa yaron bai yi kuka ba. Ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, ya juya yana kallon titi har muka iso Kankiya. Yana ɗakin zaure, na sa masa katifa. Fadimatu tun ranar Asabar take dafa abin da ba ta taɓa dafa mana ba, ta kawo ta ajiye a bakin ƙofa ta gudu, sannan ta laɓe tana leƙen ko ya ci. Ƙannensa sun kewaye shi, su ne masu yi masa hira. Ni aikina da safe in riƙe shi ya zagaya, in zuba masa ruwan alwala. Har yanzu Malam yake ce mini.

Jiya da hantsi ina gyara masa matashin da yake ɗora ƙafar, ya tambaye ni wai da gaske ne abin da ake faɗa a gari, na ce wa kwamiti na ga duka shidan. Na ce da gaske ne. Ya ce to me ya hana ni busawa. Na gaya masa gaskiya, na ce kunya ce, na ji tsoron a ce na tsaya wa ɗana. Sannan ya ce, “Ni da na ɗauka ba ka gani ba ne. Da hakan ya fi mani sauƙi.”

Na gama gyara matashin na fita.

Yaya, ga abin da ya sa na rubuto. Na san ba a ba da ɗa a dawo a karɓa, kuma ke kika yi wahalarsa, ke kika san ciwonsa da yunwarsa shekara goma sha biyu, ni ban san ko yana shan fura da sukari ba sai shekaranjiya. Ɗanki ne, ba na ja. Ban kuma ce don asibiti ya fi kusa da nan ba, ko da yake ya fi kusa, na gaji da fakewa da uzuri. Bai yafe mini ba, ni ma ban roƙe shi ba tukuna, don ban san ta inda ake farawa ba. In ya koma Kaikai ranar Juma'a, na san kaina, zan koma gaisuwar sallah ina kallon bango, shi kuma ya girma da abin da kika girma da shi. Aro nake roƙo. Ki ara mini shi sati shidan nan.

In kin ce a'a, ni da kaina zan kawo miki shi, ba zan ce komai ba. Direban zai biyo ta nan gobe da azahar, zan tsaya a bakin titi in jira shi.

Fadimatu tana gaishe ki, ta ce in gaya miki bakinmu ɗaya. Allah Ya saka miki da alheri, Ya bar zumunci.

Ƙanenki mai jiran amsarki,
Labaran.